Sauka Ce Gwanintar: Kira Ga Masu Sana'a A Anka, Gummi Da Bukkuyum

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hanya daga Gummi ko Bukkuyum, ya bi ta Anka ya faɗa Gusau, ya wuce Tsafe da Funtuwa ya nufi Zariya, to ya gifta ta gefen wata makaranta ko da bai waiwaye ta ba. Da ka bar Samaru kana dosar cikin gari, ga ta nan a Palladan: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1964. Ƙananan jiragen nan da ake gani suna tashi, su kewayo, su sauka, su sake tashi, ba fasinja suke ɗauka ba. 'Ya'yan mutane ne a ciki, kowa da malaminsa a gefe, suna koyon sana'a.

Da ku nake magana yau, kanikawan bakin tashar Anka da yaransu, direbobi da 'yan kabu-kabu, masu fito a gulbin Gummi, maƙera da masu walda, magina, teloli, manoman fadama, da samarin da ke shiga rami neman zinari a dazukan Bukkuyum. Na san abin da wani zai ce: Malam, mu da gonarmu ma ba kullum take shiguwa ba saboda ɓarayin daji, ina ruwanmu da jirgin sama? Gaskiya ne, kuma ban zo in raina wannan ciwo ba. Amma masu sana'ar tuƙin jirgi suna da wata ɗabi'a game da kuskuren ɗan koyo wadda ta mai da aiki mafi haɗari ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin tafiya mafi aminci a duniya. Ɗabi'ar nan ba a sayen ta da kuɗi. Kuma za ku gani nan gaba cewa ku ma kun taɓa yin irinta, a lokacin da ya fi kowane tsanani.

Tashi ba ya ba ɗalibi wahala sosai. A daidaita jirgi a kan titinsa, a ba shi wuta, ya yi gudu har ya kai inda ake so, a ɗan ja sitiyari, iska ta ɗauke shi. Sauka ce ke raba gwani da ɗan koyo. Duk macen da ta taɓa ɗauko tulu cike da ruwa daga rafi ta san haka: ɗauka da ƙarfi ake yi, saukewa kuwa sai da dabara, in ba haka ba a rasa ruwan a rasa tulun.

Ga yadda abin yake. Ƙaramin jirgin koyo yana doso titi da gudun da ya kai wajen kilomita 120 a awa ɗaya, yana gangarowa a hankali. Idan gudun ya yi yawa, jirgin zai ƙi zama, ya yi ta shawagi a saman kwalta yana cinye titin har ya ƙare masa. Idan gudun ya yi kaɗan, fikafikan su daina riƙe iska, ya faɗo tim tun bai iso ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar tazara, kuma a cikinta ake so ɗalibi ya zauna. Saura 'yan ƙafafu ya taɓa ƙasa, sai ya rage wuta gaba ɗaya, ya ɗaga hancin jirgin kaɗan, don tayoyin baya su fara taɓawa, ta gaba ta biyo daga baya a hankali. Ya ɗaga da wuri, jirgi ya rataya a sama sannan ya zube. Ya makara, tayar gaba ta riga sauran dukan titi, jirgi ya yi tsalle.

A wannan tsallen ne akasarin ɓarnar ke faruwa, kuma ba tsallen ne ke kawo ta ba, abin da ɗalibi ke yi bayansa ne. Ya firgita, kunya ta kama shi, yana ganin ma'aikatan hasumiyar filin jirgi na kallonsa, abokan karatu na kallonsa. Sai ya danna hancin jirgin ƙasa don ya tilasta masa zama. Jirgi ya sake dukan kwalta da ƙarfin da ya fi na farko, ya sake tashi. A na uku sau da yawa ƙafar gaba ke karyewa, farfela ta sari titi, jirgi ya durƙusa a kan hancinsa ko ya kauce ya faɗa ciyawa. Ga kuma iskar da ke bugowa ta gefe tana ture shi daga tsakiyar titi. Ga hazon hunturu da ke ɓoye titin har sai an zo dab da shi. Ga zafin bazara, lokacin da iska ke yin sakayau, injin da fikafikai duk ƙarfinsu ya ragu. A jiragen da ke naɗe tayoyinsu bayan tashi, akwai ma wanda hankalinsa kan tafi wani wuri ya manta bai saki tayoyin ba, ya sauka a kan cikin jirgi.

To mene ne maganin da malamai ke dasa wa ɗalibi tun kafin su bar shi ya tashi shi kaɗai? Idan saukar ba ta daidaita ba, a fasa. A mayar da wuta gaba ɗaya, a hau sama, a kewayo, a sake dosowa. Shi ke nan. Babu tara, babu zagi, babu wanda zai ce ka ji tsoro. Malamin kirki yabon ɗalibinsa yake yi in ya fasa sauka, domin ya nuna hankalinsa ya fi girman kansa ƙarfi. Manyan matuƙa masu dubban awoyi a sama, ɗauke da ɗaruruwan fasinjoji, su ma suna yin haka a Kano da Abuja da Jidda, ba sa neman gafarar kowa.

Ku tsaya a nan ku duba aikinku. Direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Mayanci, ya hango wata mota tafe, amma ya ce ai na riga na fito, ya ƙara wuta. Mai haƙar da ya ji ƙasa na zubo masa a ƙeya, ya ce saura kaɗan in cika buhu. Mai kwale-kwalen da ya ga ruwa ya kusa bakin jirgi, amma kunya ta hana shi ce wa dattijo ya jira sawu na biyu. Dukkansu ɗalibin nan ne mai danna hancin jirgi bayan tsalle. Ba rashin iya aiki ke kashe su ba. Sun iya. Abin da ba a koya musu ba shi ne cewa janyewa ma wani ɓangare ne na aikin, kuma wanda ya janye ya dawo da rai shi ne zai ciyar da gida gobe.

Sai maganar malami. A jirgin koyo sitiyari biyu ne, ɗaya gaban ɗalibi, ɗaya gaban malami, kuma a haɗe suke. Malami na zaune hannunsa kusa, bai riƙe ba, bai kuma yi nisa ba. Gwanintarsa ita ce sanin lokacin da zai karɓa. In ya yi saurin karɓa kullum, yaro ba zai taɓa koyon gyara kuskurensa ba. In ya yi jinkiri, su duka biyu su tafi. Kuma in zai karɓa sai ya faɗa da baki cewa ya karɓa, ɗalibi ya amsa cewa ya saki, don kada a wayi gari mutum biyu na jan jirgi ɗaya ko kuma babu mai riƙe da shi. Bayan awa goma sha wani abu zuwa ashirin na tashi tare, wata rana malami ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce je ka yi kewaye ɗaya ka dawo. Jirgin ya ragu da nauyin mutum guda, saboda haka ya fi saurin hawa, ya fi kuma jinkirin zama, kuma malamin da ya san aikinsa zai gaya wa yaron haka tun kafin ya rufe ƙofar. Daga nan tafiya ta miƙa: awa 40 aƙalla kafin lasin farko, wajen 200 kafin a fara biyanka don ka tuƙa, 1,500 kafin babban lasin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi. Kowace awa a rubuce take cikin littafin matuƙi, da sa hannu.

Iyayen gida masu yara a gareji da shago, wannan naku ne. Yaron da ya ɓata maka zaren noti ko ya ƙona maka ƙarfe ba maƙiyinka ba ne, ɗan koyo ne, kuma kai ma da haka ka fara ko da ka manta. Mari ba ya koya masa ɗaure noti. Abin da mari ke koya masa shi ne ɓoye ɓarna, kuma ɓarnar da aka ɓoye a gareji kan hanya take fitowa, da mutane a cikin mota. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne maigidan da ke miƙa wa yaro makullin mota ranar kasuwa alhali bai taɓa zama gefensa ya ga yadda yake taka birki da kaya ba. Na farko ya ƙi sakin sitiyari, na biyu ya fita tun lokaci bai yi ba. Kun fi ƙarfin zama ɗaya daga cikinsu. Hannun da ya iya sauke injin babur ya mayar ba tare da littafi ba, ya iya tarbiyyar wanda zai gaje shi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa masu jiragen sama sun gama da haɗari. Ina! A ranar 24 ga Agusta 2017 wani ƙaramin jirgin koyo na sojan sama samfurin Air Beetle ya faɗi a Kaduna, malamin tuƙi da ke ciki ya rasu. A 19 ga Afrilu 2022 wani samfurin Super Mushshak ya faɗi a Kadunan, hafsoshi biyu matasa suka rasa rayukansu. A Maris 2024 wani irinsa ya sami matsala yana dawowa daga atisaye, Allah ya kuɓutar da mutum biyun da ke ciki. A 23 ga Mayu 2025 jirgin wata makarantar koyon tuƙi samfurin Diamond ya kauce daga titi wajen sauka a Ilori, mutum biyu suka ji rauni. Sana'a ce da aka biya kuɗinta da jini. Amma ba a rufe makarantun ba, ɗalibai ba su tattara kayansu sun koma gida ba.

Abin da ake yi bayan haɗarin shi ne zuciyar maganar. A ɓangaren farar hula akwai hukumar binciken haɗura ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Masu bincike su zo su auna sawun taya a kan titi, su duba takardun gyaran jirgin, su tambayi yanayin iska a wannan sa'a, su zauna da ɗalibi da malami su ji ta bakinsu. Sannan a rubuta rahoto a fitar kowa ya karanta. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ta ce manufar wannan bincike ɗaya ce tak, hana sake aukuwar abin, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Saboda haka ɗalibi ke iya buɗe baki ya ce na firgita, malami ya ce na makara wajen karɓa. Da an ce za a ɗaure su, da kowa ya ce iska ce. Ta haka kuskuren mutum ɗaya a Zariya ke zama darasin wanda bai taɓa ganinsa ba a wata nahiya.

Ko takardar nan da kowane matuƙi ke bi layi-layi kafin ya tashi da kafin ya sauka, daga haɗari aka samo ta. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi wajen gwaji a Amurka, gwanin matuƙin da ke jan sa ya mutu, aka bincika aka tarar an manta ba a cire makullin da ke riƙe sitiyari ba. Ba su ce matuƙin sakarai ne ba, don ba sakarai ba ne. Cewa suka yi aikin ya fi ƙarfin a riƙe shi da ka kawai, a rubuta. Yau kyaftin mai furfura yana karanta takardar nan kamar jiya ya fara.

Mu kuwa in abu ya faru, sai mu ce ƙaddara, mu yi addu'a, mu watse. Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke jayayya da ita. Amma malamanmu sun sha gaya mana cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi, kuma tambayar yaya aka yi ba saɓo ba ce.

Kuma kun taɓa yin tambayar. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai can. Sama da yara 400 suka tafi. Da an tsaya a kan cewa iskokai ne ko annoba ce kawai, da har yau ana binnewa. Likitocin ƙungiyar MSF da jami'an lafiya suka auna jini, aka auna ƙasar tsakar gida, aka gano gubar dalma ce da ke cikin duwatsun zinarin da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Su wa suka ɗauki shebur da baro suka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa? Mutanen ƙauyukan ne. Su wa suka yarda aka fitar da niƙa bayan gari, suka koyi jiƙa dutse don rage ƙura, da wanka da sauya tufafi kafin shiga gida? Masu haƙar ne da kansu. Su wa suka zauna makonni a asibitin Anka da 'ya'yansu ana ba su magani? Iyaye mata ne. Aikin Bagega ya yi jinkiri har 2013, amma an yi shi. Wannan shi ne binciken haɗari, shi ne fasa sauka a sake kewayowa, kuma mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga jirgi ba ne suka yi shi. Wanda duk ya ce muku ba ku iya sauya yadda kuke aiki ba, ku tuna masa da Dareta. Sai dai a kula, dalmar tana nan cikin dutsen, ranar da aka mayar da turmi tsakar gida ranar za ta dawo.

Gummi kuma tana da nata ciwon da bai warke ba. A Satumba 2024 jirgin ruwa ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu ya kife, mutane da yawa suka halaka. Manoma ne, aiki za su, ba yawo ba. Sarkin ruwa da masu fito sun fi kowa sanin gulbin nan, ba sai wani ya zo daga Abuja ya koya musu ba. Abin da ya rage shi ne su zauna su yanke wa kowane jirgi adadin da ba zai wuce ba, a rubuta a jikinsa da fenti, kuma jama'a su tsaya bayan mai jirgin da ya ce ya cika, ko da hakimi ne ke tsaye a bakin ruwa. Rigunan kariya daga nutsewa kuwa haƙƙi ne a kan hukuma, a nema da babbar murya.

Wani zai ce duk wannan na masu boko ne. To su wa suka ƙera jirgin farko da ya tashi da injin ɗauke da mutum? Wasu 'yan'uwa biyu ne, Wilbur da Orville Wright, masu shagon gyara da sayar da kekuna a garin Dayton na Amurka, ba wanda ya yi jami'a a cikinsu. Injin kuwa bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, ne ya ƙera shi da hannu. Ranar 17 ga Disamba 1903 tashin farko daƙiƙa 12 ya yi. A tashi na huɗu jirgin ya ɗan karye wajen sauka, kafin su gyara iska ta kifar da shi ta lalata shi. Suka kwashe tarkacen suka koma shago suka ƙera wani. Shekara 22 bayan haka, a 1925, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Sana'ar da ta fito daga shagon keke ba za ta gagari ɗan bakaniken Anka ba.

Har a sararin samaniyar jiharmu an ga amfanin horo. A 18 ga Yuli 2021 ɓarayin daji suka harbo jirgin yaƙin da Abayomi Dairo ke tuƙawa a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Ya yi abin da aka sa shi ya maimaita har ya zame masa jiki: ya bar jirgin ya diro da lema, ya ɓuya, ya yi tafiyar dare har ya isa wurin sojoji. A irin wannan lokaci ba a tunani, abin da hannu ya saba shi yake yi. Shi ya sa maimaicin da yaron shago ke ƙorafi a kansa, share nan, kwance wancan, sake ɗaurawa, ba wulaƙanci ba ne.

An aza harsashin filin jirgin sama a Gusau a 2024. Filin jirgi kuwa ba matuƙa kaɗai yake ci ba: yana buƙatar injiniyoyin gyara, masu kula da zirga-zirga a hasumiya, masu lantarki, 'yan kwana-kwana, kuma kwalejin Zariya na horar da irin waɗannan. Ƙofa ba ta rufe wa mata ba: Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a Zariya ta koya, daga baya ta shugabanci kwalejin. Kuɗin karatun tuƙi yana da nauyi ƙwarai, ya fi ƙarfin manomi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma jihohi sun sha ɗaukar nauyin 'ya'yansu a can, kuma babu dokar da ta hana Zamfara da ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum yin haka. Abin da ake nema wurin yaro shi ne sakamakon sakandare mai kyau, musamman Turanci da lissafi da fizis, da lafiyar ido da ta jiki.

Saboda haka, shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Anka da Gummi da Nasarawar Burkullu, ku sayi littafi guda ku ajiye a ofis. Duk haɗarin da ya faru, ko wanda ya kusa faruwa Allah ya kiyaye, a kira wanda abin ya shafa a zauna da shi ba tare da tsawa ba, a rubuta wurin da lokacin da dalilin, a karanta wa sabbin direbobi. Kanikawa da masu fito da shugabannin ramuka, ku yi haka a naku wurin. Iyaye kuma, yaron nan ko yarinyar da ke da kan lissafi, kada a cire su daga makaranta saboda wahalar bana. Ku je wurin kansila da ɗan majalisarku da sunayensu a rubuce, ku nemi a kai su Zariya.